Hatimin Hukuma a Kan Siminti da Rodi

A zamanin da gini na ƙasa ne, mai gida ba ya bukatar shaidar kowa. Tubali a gabansa ake yi, azara kuwa ya san giginyar da aka fasa, in an sami saɓani ga Sarkin Magina. Da irin kayan nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Amma siminti da rodi daga masana'anta suke fitowa, ido ba ya gane ƙarfinsu, sai ran da bene ya ɗau kaya.

Saboda haka aka kafa hukumar duba ingancin kaya ta Nijeriya a 1971, wadda ake kira SON. Kayan da aka ƙera a cikin ƙasa, ma'aikatanta kan shiga masana'anta su ɗebi samfuri su gwada. In ya cika ƙa'ida, a ba shi takarda da hatimi mai haruffan NIS. Kayan ƙetare kuwa, tun 2005 sai an gwada su a ba su takardar SONCAP kafin a shigo da su. A 2006 kuma aka fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa.

Lambar nan da ke jikin buhun siminti, 32.5 ko 42.5 ko 52.5, ba ado ba ce. Kwaɓa shi ake yi da yashi, a bar shi kwana 28, sa'an nan a danne shi da inji har ya farfashe; lambar ita ce gwargwadon abin da ya jure. Rodi kuwa ja ake yi har ya tsinke, a kuma lanƙwasa shi a ga ko zai tsage.

Ga wata dabara da ɗan kasuwa zai iya da kansa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a ƙauye. Rodi mai kaurin milimita 12, tsawon mita 12, nauyinsa kilo 10 ne da rabi da 'yan kai. Watau tan ɗaya bai wuce sanda 94 ba. In aka ƙirga tan aka sami fiye da ɗari, ba alheri aka yi wa mai saye ba, rodin ne aka rage wa jiki. Sikeli ya isa shaida.

Malamai sun san asalin wannan aiki, gama shi ne hisba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe an ɓoye a ƙasa, ya hana algus. Mai tauye rodi kuwa ya fi mai tauye mudu ɓarna, domin wannan dukiya ya ci, wancan rai. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Ikko, mutane fiye da 40 suka rasu.

Sai dai hatimi iyakarsa bakin masana'anta. Siminti mai takarda in ya sha danshi a sito ya dunƙule, ya mutu. Mai buga bulo kuma in ya cika yashi don buhu ɗaya ya yi masa yawa, ko ya ƙi ba bulon ruwa, takardar buhun ba ta bin bulon zuwa jikin bango.