Takardar Aiki Ko Goron Aure: Wanne Zai Riga Zuwa?

Wanda ke shiga sakatariyar jihar Kebbi a Gwadangaji ya saba ganinsu: 'yan mata riƙe da ambulan ɗin takardu a ƙarƙashin hijabi, wasu sun fito daga Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, wasu daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Gurbin aiki kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka, don haka sai jira.

Jiran namiji daban, na mace daban. Saurayi in ya gaji sai ya hau mota zuwa Abuja ko Legas, ya laluba ko'ina. Budurwa tana gaban iyaye, shekara na bin shekara, gwaggo da inna na tambaya, "Wai har yanzu ba wanda ya fito?" Sau da yawa aure ne ke cike wannan giɓi, kuma ba laifi ba ne. Sai dai wadda aka zo nema tana da albashi, iyayenta kan kafa sharaɗi tun kafin a yanka sadaki cewa za ta ci gaba da aikinta. Wadda aikin ya same ta a ɗakinta, izini za ta nema, ga goyo, ga tambayar inda za a tura ta. Digirinsu ɗaya, bakin maganarsu ba ɗaya ba.

Shirin N-Power, wanda aka fara a 2016, ya nuna haka a fili. Naira 30,000 a wata ta fito da mata da dama zuwa azuzuwan firamare da asibitocin unguwa. Da aka sallami rukunan farko a 2020, ba kowace ce ta sake samun hanyar fitowa ba.

Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel a 2023, ta nuna cewa a Amurka tazarar samu tsakanin maza da mata tana buɗewa ne bayan haihuwar fari. A nan, a ganina, tun kafin haihuwar take somawa.

Kada dai a ɗauka matan nan sun naɗe hannu. A wannan ƙasa ta fadama da shinkafa, wata ta sayi shanshera tana turarawa a tsakar gida, ta shanya, ta kai injin, yara su fita da ita kwano-kwano. Wata tana koyar da yaran maƙwabta da yamma, wata tana tallar atamfa a WhatsApp, kuɗi na shigowa ta waya. Ana samu, har a zuba adashe, amma babu ƙarin girma, babu fansho.