Jagorancin Sababbin Marubuta Tarihin Ƙauyuka a Wikipedia

Gabatarwa

Tun da aka kafa Wikipedia a shekarar 2001, rubuta kundin sani ya daina zama aikin masana kaɗai. Sau da yawa ɗan sa-kai da ya shigo sashen Hausa yakan fara ne da ƙauyensu, domin shi ya fi sani. Wannan maƙala za ta dubi matsaloli uku da yakan ci karo da su, da irin jagorar da ta kamace shi.

Madogara

Ƙa'idar kundin ita ce kowane bayani ya dogara da abin da aka riga aka buga, alhali tarihin ƙauye a bakin dattawa yake. Sai marubuci ya kawo labarin kafuwar garinsu yadda ya ji daga kakansa, a goge shi ba bayani, shi kuwa ya yi zuciya ya tafi. An yi asara biyu ke nan, ta maƙala da ta marubuci. Abin da ya dace shi ne a nuna masa littattafan tarihin masarautu da kundayen digiri na jami'o'i. A kuma faɗakar da shi cewa ƙidayar Nijeriya ta 2006 ta tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma wajen fitar da alƙaluma, don haka kada ya ƙirƙiro wa ƙauye adadin jama'a.

Suna da Rubutu

Sunayen wurare sukan maimaitu. Akwai Tudun Wada a Jihar Kano, akwai a Zariya, akwai a Kaduna. Wajibi ne a ambaci ƙaramar hukuma da jiha tun a jimlar farko. Haka nan a kiyaye haruffa masu lanƙwasa, a rubuta Ƙanƙara, ba Kankara ba.

Yabo

Ɗan gari yakan so ya yi wa garinsu kirari. Kirari abin adanawa ne, amma a kawo shi a matsayin abin da mutanen garin ke faɗa, kada ya zama hukuncin marubuci.

Kammalawa

Babban nauyin yana wuyan malaman jami'a. Muddin ba mu tura ɗalibai sun naɗo tarihin baka an buga shi ba, ɗan sa-kai ba zai sami abin dogara ba, dattawan da ke riƙe da labarin kuwa kullum raguwa suke yi.