Akwatin giyar gazuwal a jikin motar fetur: kusoshi za su hau, aikin bai ƙare ba

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita kusan 180 ce, ta Balleyara. Motocin da suka saba da wannan hanya sanannu ne: Hiace ta fasinja, Hilux da Land Cruiser masu kutsawa ƙauyukan Kurfai, da tsofaffin manyan motoci masu kwasar dabbobi ranar kasuwa. Jefi-jefi kuma akan ga ƙananan motocin Turai na hannu, irin su Golf da Passat, waɗanda ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya saya don zuwa ganin gida. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da akwatin giya (bwat) mai canza kansa, wanda kamfanin Volkswagen yake kira DSG. Ranar da wannan bwat ɗin ya mutu, mai motar zai gane cewa abin da ya saya ba irin na maƙwabcinsa ba ne.

Samun madadinsa aiki ne. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kayan da a da suke shigowa ta tashar Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, da tsada da jinkiri. Ga kuma wani abu: a wajen shekarun 2010 zuwa 2015 kimanin rabin sabbin motocin da aka sayar a Yammacin Turai masu shan gazuwal ne. Don haka idan ka shiga wurin masu sayar da kayan mota na hannu, a Yamai ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ba abin mamaki ba ne bwat ɗin da za a jawo maka ya kasance daga motar gazuwal aka ciro shi, alhali taka ta fetur ce. Mai shago zai ce, "Ai iri ɗaya ne, Alhaji, kusoshinsa ma za su hau." Sau da yawa gaskiya ya faɗa game da kusoshin. Sauran maganar ce bai ƙarasa ba.

DSG akwatin giya biyu ne na hannu da aka cusa cikin kwanso guda, kowanne da kulocinsa. A mai giya shida, ɗaya yana riƙe da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan yana riƙe da ta biyu da ta huɗu da ta shida. Lokacin da mota take tafiya a ta uku, an riga an saka ta huɗu tana jira, sai kuloci ɗaya ya saki, ɗayan ya kama, kafin ƙiftawar ido. Mai yin wannan aiki wata na'ura ce da ke maƙale a jikin bwat ɗin, wadda ta haɗa kwamfuta da bawul-bawul na mai. Makanikai suna ce mata mekatironik.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniyan Faransa, Adolphe Kégresse, ya yi rajistarta a 1939. Shi ne kuma ya ƙirƙiro ƙafafun bel na motocin Citroën da suka ratso Sahara a 1924, suka bi ta Yamai da Damagaram zuwa Tafkin Chadi. Sai dai a wancan zamani babu kwamfutar da za ta sarrafa kuloci biyu. Porsche ta gwada abin a motocin tsere a shekarun 1980, amma sai a 2003 Volkswagen ta saka shi a motar kasuwa, Golf R32.

To me ya raba na gazuwal da na fetur? Halin injinan biyu. Injin gazuwal sa ne na huɗa, ƙarfinsa a tafiyar sannu yake, na fetur kuwa doki ne, sai ya buɗe ƙafa ake ganin amfaninsa. Injin 2.0 TDI mai ƙarfin doki 140 yana ba da ƙarfin murɗawa na Nm 320 tun yana juyi 1,750 a minti, kuma bai cika wuce juyi 4,500 ba. Injin fetur mai lita 1.6 na Golf kuwa Nm 148 ne iyakarsa, shi ma sai ya kai juyi 3,800, yana kuma iya haura 6,000. Saboda haka aka yanka haƙoran bwat ɗin gazuwal da tsawo, yadda inji zai yi juyi kaɗan taya ta ci ƙasa mai yawa. Ka ɗaura wa ƙaramin injin fetur wannan, sai mota ta yi nauyin tashi, ta riƙa shaƙewa a giyar sama, ga shan mai da zafin kuloci. A kan kwalta da direba shi kaɗai, ƙila a jure. A ɗora mutum biyar da buhun hatsi a sauka cikin rairayin Dallol Bosso, nan ne asiri zai tonu.

Haƙora ma ba su ne babbar matsala ba. Kwamfutar bwat tana hira da kwamfutar inji ta wayoyin da ake kira CAN, sau da yawa a kowace daƙiƙa. Inji yana shaida mata ƙarfin da yake bayarwa, ita kuma tana auna yadda za ta matse kuloci, har takan nemi inji ya sassauta a daidai lokacin canji. Wadda aka tsara don gazuwal za ta riƙa hawa giya da wuri, domin a lissafinta inji ya kusa kai ƙarshensa, alhali na fetur bai ma fara ba. Idan lambobin ba su yi mata daidai ba sai haruffan P, R, N, D su fara ƙyafƙyafta a gaban direba, ta kulle kanta a giya guda ko ta ƙi kamawa sam. Sabbin samfura har sukan ƙi aiki a motar da ba tasu ba sai an buɗe su da na'urar kamfani. Bayan wannan akwai faifan da ke tsakanin inji da bwat, da sitata, da sandunan taya, da mazaunai, kowanne yana iya bambanta.

Ana yi? Ana yi. A Turai akwai masu sha'awar mota da suke ɗaura dogayen giyoyin gazuwal da gangan a Golf GTI, don inji ya huta a doguwar hanya. Amma injin GTI mai turbo ne, yana da Nm 280 tun daga juyi 1,800, wato halinsa ya kusa da na gazuwal, kuma masu yin haka suna sake rubuta manhajar mekatironik, sannan su sa bwat ya koyi inda kulocinsa suke kamawa. Wannan aikin mai kwamfuta ne, ba na mai sifana da guduma ba, komai ƙwarewarsa. Kuma ba raini ba ne ga makanikanmu, waɗanda suke tayar da motocin da Turai ta daɗe da yi wa jana'iza.

Ni a ganina tambayar da ta fi muhimmanci ga mutumin Kurfai ita ce ko wannan irin bwat ya dace da ƙasarsa tun farko. DSG da aka fi samu a ƙananan motoci kala biyu ne. DQ250 mai giya shida kulocinsa a cikin mai suke, yana ɗaukar Nm 350, yana son a canza masa mai na musamman da tace duk kilomita 60,000. DQ200 mai giya bakwai busassun kuloci gare shi, iyakarsa Nm 250, kuma shi ne ya sa Volkswagen ta kira motoci kimanin miliyan 1.6 a Nuwamban 2013 don a sauya musu mai, bayan matsalar ta fi bayyana a ƙasashe masu zafi da cunkoso. Abin da busasshen kuloci ya fi ƙi shi ne jan ciki a hankali da kaya, wato ainihin tuƙin rairayi, a watan Afrilu da zafi yake wuce digiri 40. Ga shi ba a tayar da motar da turi. Littafin motar ma ya hana a ja ta da igiya fiye da kilomita 50. Wanda ta mace masa a Cikal ko Tukunus sai ya nemi babbar mota ta ɗauke ta zuwa Yamai, a hanyar da ba a son dare ya riski mutum saboda halin tsaro.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan mota, kafin ya biya kuɗin bwat ya duba haruffa uku da aka buga a jikin kwanson tsohon nasa, ya nemi mai irinsu. In bai samu ba, ya fara gano wanda zai daidaita masa manhaja, su yi ciniki, ya haɗa kuɗin da na faifai da na mai, sannan ya kwatanta da jiran na asali. Wanda kuwa bai saya ba tukuna, kuma ƙauye zai riƙa shiga, ya nemi mai giyar hannu.