KAN BABUR DA CIWON BAYA

A ƙauyukanmu babur ya gaji jaki, ya gaji keke. Shi ke kai taki gona, shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amma dubi wanda ya wuni a kansa. In ya sauka da maraice sai ka ga ya dafe ƙugu, wuya ya sage, yatsu sun yi sanyi.

Na san wani malamin gona mai zaga ƙauyuka a kan babur. Ya daɗe yana shan maganin ciwon baya, ciwo bai bar shi ba. Ashe shi mutum ne gajere, kan babur kuwa ya yi masa nisa, kullum a sunkuye yake tuƙi. Da bakanike ya karkato masa kan baya kaɗan, sai ya sami sauƙi. Ko kwabo bai kashe wajen sayen sabon ƙarfe ba.

Masu ƙera babur, ko Honda CG125 da ta fara fitowa a 1975, ko Bajaj Boxer ta Indiya, awo ɗaya suke yi wa kowa. Mu kuwa tsawonmu ba ɗaya ba ne.

YADDA ZA KA AUNA

Kafe babur a wuri mai lebur, ka hau ka zauna sosai. Rufe idonka, ka miƙa hannu gaba yadda ya yi maka daɗi, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗu a sake. Sa'an nan ka buɗe ido. Inda hannunka ya tsaya, nan ya kamata mariƙi ya kasance. In sai ka sunkuya kafin ka kai gare shi, kan ya yi nisa ko ya yi ƙasa.

FARA DA ABIN DA BA KUƊI

A yawancin babura noti huɗu ne ke riƙe da kai a tsakiya. Sassauta su da sifana, ka juyo kan wajenka kaɗan, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Ɗaure su bi da bi, kaɗan kaɗan, kada ka gama da ɗaya ka bar sauran. Ka gyara hannun birki da na kuloci kuma, yadda yatsunka za su sauka a kansu ba tare da ka karya wuyan hannu ba. Yi tafiya da shi kwana biyu ka ji, jiki magayi.

IN SAI AN SAKE

Tafi kasuwa da tsohon kan a hannunka domin ka gwada. Kaurin kan ƙananan babura yawanci milimita 22 ne. In kaurin bai yi daidai ba, kada ka yarda a cusa masa guntun gwangwani. Wata rana a cikin gargada zai juya a hannunka.

Kada tsawon ya yi yawa. Kai mai tsawo ƙwarai yana mai da nauyinka baya, tayar gaba ta yi sako-sako, musamman in ga buhu a baya. Mai faɗi da yawa kuma yakan kama reshe a ƙaramar hanya. Ɗaga ƙarfen ka ji nauyinsa, gama mara kauri da wuri yake lanƙwashewa. Araha ba ta ado.

Kan da ya tanƙware sosai a faɗuwa, kada a gasa shi a wuta a miƙe. Ƙarfinsa ya riga ya ragu, yana iya karyewa ba labari.

INDA HATSARI YAKE

A nan ne mutane suke yin sakaci. Wayar totur, da ta birkin gaba, da ta kuloci, da wayoyin fitila da na ham, duk an yanke su daidai tsawon tsohon kai. In sabon ya fi tsawo, sai su ɗame. Wayar totur in ta ɗame, kana karya kwana sai babur ya ƙara wuta da kansa, ga ka da mace da goyo a baya.

Saboda haka kafin ka bar wurin bakanike, yi wannan gwaji:

1. Ta da babur, ka bar shi a firi.
2. Juya kai dama har ƙarshe, sa'an nan hagu har ƙarshe. In ƙugin inji ya ƙaru, wayar totur ta gaza. A sa doguwa.
3. Murɗa totur ka saki. Dole ya koma da kansa nan da nan.
4. Matsa birki da kuloci a kowane gefe, ka ga ba abin da ya ɗaure.
5. Duba kada kan ya bugi tanki ko ya matse maka babban yatsa.

Bayan tafiyar mako guda ka sake bin notin nan huɗu da sifana.

In ka yi duk wannan amma ciwo bai ragu ba, ko yana sauka har ƙafa, to, ba na bakanike ba ne. Je asibiti a duba ka. Babur yana da kayan gyara a kowace kasuwa, bayanka kuwa guda ɗaya ne, da shi za ka riƙe fartanya in damina ta faɗi.