Gayyar Kare Yara: Aikin Shugaba da Ma'aikatansa

Kowane manomi ya san gayya. In gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya kira jama'a, kowa ya zo da hauyarsa. Amma gayya ba ta yin kyau sai da mai raba aiki. Shi ne zai nuna ma kowa inda zai kama, shi ne kuma zai duba ko an bar haki a baya.

Taimakon yaron da aka zalunta ma gayya ne. Uwa ita kaɗai ba za ta iya ba. Likita shi kaɗai ba zai iya ba. Alƙali ma haka. Shi ya sa gwamnati ta sa ma'aikata na musamman don wannan aiki, ta kuma sa musu shugaba. Ga bayanin aikinsu a ƙasar Maraɗi, da Tsibiri, da Jiratawa.

Wane yaro ake nufi?

A wurin hukuma, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Zaluntar yaro iri-iri ce. Akwai duka mai barin rauni. Akwai ƙuna da ɗauri da horon yunwa. Akwai aikin da ya fi ƙarfin yaro. Akwai fyaɗe, ga mace ko ga namiji. Akwai kuma auren tilas ga yarinya ƙarama. Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin mata 100, an aurar da 76 kafin su kai shekara 18. A jahar Maraɗi adadin ya kai 89.

Raunin jiki ana ganinsa. Raunin zuciya ba a ganinsa, amma yana da alamu. Yaro mai wasa sai ya yi shiru. Yaron da ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wani yakan firgita cikin barci. Wani yakan ƙi zuwa wani gida, ko ya ɓuya in ya ga wani mutum. Irin wannan rauni ya fi na jiki daɗewa.

Me doka ta ce?

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1990. A 1999 aka kafa alƙalan yara. A 2014 aka sake sabunta dokarsu. Alƙalin yara yana da aiki biyu. Yana shari'ar yaron da ya yi laifi, yana kuma kare yaron da ke cikin haɗari. Yana da ikon ɗauke yaro daga gidan da ake cutarsa, ya damƙa shi ga dangi ko ga wani amintacce.

A shekarun 2000 aka buɗe ofisoshin kula da yara da ake kira SEJUP, har da Maraɗi. Daga baya aka faɗaɗa aikinsu, aka kira su CEPPP. A watan Yuli na 2019 gwamnati ta ba da dokar kafa kwamitin kare yara a kowane mataki: ƙasa, jaha, gunduma, ƙaramar hukuma, har ƙauye.

Su wa ke cikin gayyar?

Na farko su ne ma'aikatan jin daɗin jama'a, maza da mata. Su ne ke zama da yaro, su saurare shi, su ziyarci gidansu. Sai ma'aikatan gidan likita, masu duba jiki. Sai jandarma da ƴan sanda, masu bincike. Sai alƙalin yara. Sai malamin lakkol da malamin allo, waɗanda ke ganin yaro kullum. Sai kwamitin gari, inda akan samu mai gari, da liman, da shugabar mata, da matasa.

A tsakiyar su duka akwai shugaban ma'aikatan. Yana iya zama namiji, yana iya zama mace. Ba shi ke yin komi da hannunsa ba. Aikinsa shi ne ya haɗa waɗannan hannuwa, kada yaro ya faɗi tsakaninsu. Manyan ayyukansa biyar ne.

Aiki na 1: Sanin abin da ba ya jira

Labari yana zuwa ofis ta hanya da yawa: bakin uwa, bakin maƙwabci, salular mai gari. Shugaba zai yi tambaya biyu tun farko. Yaron yana buƙatar likita yau? Yaron zai kwana gida ɗaya da wanda ya cuce shi?

In fyaɗe ne, lokaci yana da tsada. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar sida, amma sai an fara shan shi cikin awa 72, wato kwana 3. Akwai maganin hana ɗaukar ciki, shi kuma ba ya aiki bayan kwana 5. Likita zai rubuta takardar shaida, wadda alƙali zai duba. Saboda haka shugaba ba ya cewa a jira taron mako. Yakan tura ma'aikaci nan take.

Aiki na 2: Raba aiki da adalci

Kowane yaro ana ba shi ma'aikaci ɗaya wanda zai riƙe maganarsa tun farko har ƙarshe. Dalili shi ne, ba da labarin abin da ya faru yana tayar da ciwo. In yaro ya faɗa ma mutum biyar, ya sha ciwon sau biyar. Yarinyar da aka yi ma fyaɗe, an fi son a haɗa ta da mace.

Shugaba yana duba nauyin kowa. Jaki ma in kaya sun yi yawa yakan durƙushe. Ma'aikacin da aka tara ma yara da yawa zai manta da wasu. Shugaba yana duba nisa kuma. Tsibiri na cikin gundumar Gidan Runji, Jiratawa na cikin gundumar Madarunfa, birnin Maraɗi na tsakaninsu. Da damina, in gulbi ya kawo ruwa, wasu ƙauyuka sai da wahala ake isa gare su. Dole a shirya babur da mai tun da wuri.

A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo jahar Maraɗi, da yawa a gundumar Gidan Runji. Mafi yawansu mata ne da yara. Wasu yaran sun ga kisa da idonsu. Wasu sun rabu da iyayensu a hanya. Wannan ya ƙara ma ma'aikata nauyi ƙwarai.

Aiki na 3: Riƙe asiri

Kowane yaro yana da takardarsa. Ana rubuta abin da ya faru, da abin da aka yi masa, da abin da ya rage. Takardun suna cikin akwati mai makulli. Ba kowa ke buɗe su ba.

Shugaba yana gargaɗin ma'aikata kada su kai maganar yaro gida, ko kasuwa, ko majalisar shayi. Ba a ɗaukar hoton yaro a tura ta salula. In gari ya ji, yarinya ba za ta iya zuwa rijiya ba, yaro ba zai iya shiga cikin abokansa ba. Tonon asiri zalunci ne na biyu.

Akwai wasu ƙa'idodi kuma. Ma'aikaci ba ya karɓar kuɗi ko kyauta daga iyaye. Ba ya kai yaro ɗakinsa. Ba ya yi ma yaro tsawa, ba ya ce masa: me ya kai ka can? Wanda ya karya ƙa'ida, shugaba ba ya rufa masa.

Aiki na 4: Bin sawu

Shuka ba ta ƙarewa ranar da aka binne iri. Sai an yi noman fari, an yi maimai. Yaro ma haka. Shugaba yakan tara ma'aikata a kai a kai, a buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya gama shan magani? Wannan ta koma lakkol? Wannan yana da takardar haihuwa? Maganar wancan ta isa gaban alƙali? Kowace tambaya sai an sa wanda zai yi aikin, da ranar da zai kawo amsa.

Ba a rufe takardar yaro don an gaji da ita. Ana rufe ta in yaro yana cikin aminci, yana ci, yana barci, yana wasa, kuma akwai babba amintacce kusa da shi.

Aiki na 5: Kula da ma'aikatan kansu

Mai jin labarin baƙin ciki kullum, zuciyarsa takan gaji. Wani ma'aikaci yakan kasa barci. Wani yakan riƙa faɗa a gida. Wani kuma zuciyarsa takan bushe, ya daina jin tausayi. Wannan ba lalaci ba ne, ciwon aikin ne.

Shugaba nagari yakan zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, ya tambaye shi abin da ya yi masa nauyi. Yakan ba da hutu. Yakan haɗa sabo da tsohon hannu. In gidan da za a je akwai barazana, ba ya tura mutum ɗaya. Rijiyar da ake ɗiba ba a yasa, wata rana guga zai fito da laka.

Ga misali

A ce wata yarinya mai shekara 11 tana tallar ƙosai. Wata rana ta dawo gida tana kuka, ta ƙi cin tuwo. Uwar ta lallashe ta, har ta faɗi abin da wani mutum ya yi mata. Uwar ta je wurin shugabar mata ta kwamitin gari. Ita kuma ta kira ofis.

Shugaba ya tura ma'aikaciya ran nan. Ta raka su gidan likita kafin kwana 3 su cika. Ta zauna da yarinyar, ta ce mata: "Ɗiyata, ba laifinki ba ne. Kin yi daidai da kika faɗa ma inna." Ta ce ma uwar: "Inna, kada a doke ta, kada a yi mata gori. Yanzu ku ne maganinta."

Da dare dangin mutumin suka zo da kuɗi, suna son a kashe magana. Uban ya fara saukowa, don yana tsoron abin kunya. Shugaba da kansa ya je wurin mai gari, ya ce: "Ranka ya daɗe, asirin yarinya za mu rufe shi. Amma wanda ya yi wannan, in an bar shi, gobe ɗiyar wani ce." Mai gari ya kira uban, ya ƙarfafa masa zuciya. Magana ta tafi wurin jandarma. Ma'aikaciyar kuma ta ci gaba da zuwa gidan wata da watanni, har yarinyar ta koma cikin ƙawayenta.

Sulhu yana da iyaka

Sulhu abu ne mai kyau. Rikicin gona da na bashi da na aure, sarakuna sun saba kashe su, tun daga zauren mai gari har fadar Sarkin Gobir a Tsibiri. Amma fyaɗe babban laifi ne a dokar ƙasa, hukuncinsa na hannun shari'a. Rufa ma yaro asiri daban, rufa ma azzalumi daban. Na farko kariya ne. Na biyu ba shi hanya ne ya sake.

Abin da mutanen gari za su yi

Ma'aikata kaɗan ne, ƙauyuka da yawa. Idon gari shi ne ke fara gani. Ga abubuwa 5 da kowa zai iya:

1. In yaro ya faɗi magana, a saurare shi, kada a ƙaryata shi.
2. A raba shi da wanda ya cuce shi tun ran nan.
3. A kai shi gidan likita da sauri, kada a wuce kwana 3.
4. A sanar da kwamitin gari, ko jandarma, ko ofishin kare yara.
5. A kama baki, kada a yaɗa sunan yaron.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Garin da bai san ƴan kwamitinsa ba, sai a tambayi mai gari. Garin da ba shi da kwamiti, sai a nemi a kafa shi tun kafin wani abu ya faru.