Waƙar da ta ba mai ita tsoro

Ranar 8 ga Oktoba, 1963, Sam Cooke da matarsa Barbara suka isa wani otal na Holiday Inn a garin Shreveport da ke jihar Louisiana ta Amurka. Tun kafin su zo ya kama ɗaki ta waya. Da ma'aikacin ya ɗaga kai ya ga baƙar fata, sai ya ce ɗakuna sun cika. Cooke ya harzuƙa, ya ce sai an kira masa manaja. Barbara tana ta ba shi baki, don ta san a kudancin Amurka na lokacin, baƙar fata kan rasa ransa a kan abin da bai kai wannan ba. Suka tafi suna danna hon. Ko da suka isa masaukin baƙaƙe a cikin gari, 'yan sanda na jiran su. Aka kama shi wai ya ta da hankalin jama'a.

Wanda aka yi wa wannan wulaƙanci fa tauraro ne. Ɗan mai wa'azi ne, haifaffen Clarksdale a Mississippi a 1931, ya yi suna da waƙoƙin coci cikin ƙungiyar Soul Stirrers. A 1957 waƙarsa "You Send Me" ta zama ta ɗaya a ƙasar baki ɗaya. Sai dai yawancin abincinsa yana hannun fararen fata masu sayen waƙoƙin soyayya, kuma ya san taɓa maganar wariya na iya toshe masa wannan ƙofa. Ga kuma wani ciwon a zuciya: a watan Yunin 1963, ƙaramin ɗansa Vincent ya nutse a wurin ninƙaya na gidansu. Da ya ji "Blowin' in the Wind" ta Bob Dylan, abin ya tsaya masa a rai, a ce farar fata ne ya riga shi faɗin kukan mutanensa.

Ranar 30 ga Janairu, 1964, a situdiyon RCA da ke Hollywood, ya naɗi "A Change Is Gonna Come". René Hall ya tsara mata kiɗa mai nauyi, na goge da ƙaho. Ita ta buɗe gefe na biyu na faifan Ain't That Good News. A ganina ƙarfinta shi ne babu ihu a cikinta. Muryar gajiyayyen mutum ce, mai tsoron mutuwa, wanda ɗan'uwansa ma ya juya masa baya, amma bai fid da rai ba.

Ya rera ta a shirin talabijin na Johnny Carson ranar 7 ga Fabrairu. Bayan kwana biyu mawaƙan Beatles suka fito a shirin Ed Sullivan, hankalin Amurka ya koma can. Abokinsa Bobby Womack ya taɓa gaya masa cewa waƙar tana da amon mutuwa, shi ma Cooke bai musa ba, kuma ya riƙa kauce wa rera ta a gaban jama'a.

A watan Yuli aka sa hannu a dokar haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci. Ranar 11 ga Disamba, 1964, manajar wani ƙaramin otal a Los Angeles ta harbe shi, yana da shekara 33. Hukuma ta ce kare kai ne, danginsa ba su taɓa yarda ba.

Kafin shekarar ta ƙare aka saki waƙar a ƙaramin faifai, a bayan "Shake". An yanke baitin da yake maganar yadda ake korar sa daga sinima da tsakiyar gari. Duk da haka masu gwagwarmayar neman 'yanci suka ɗauke ta, ta zama tasu.