Daga Rumfar Garba Zuwa Ajin Jami'a: Wa Ke Biyan Kuɗin Ɓarna?

Da hantsi a Treichville, kowane lungu ka kutsa sai ƙamshin soyayyen kifi ya tare ka. Rumfar kwano ce da benci biyu, ga ƙaton kasko yana tafasa. Mai saye da kansa yake cakar yankan kifin da ya yi masa, mai rumfa kuma ya ɗebo aceke, ya watsa attarugu da albasa, ya murmushe magi, ya yarfa man suya a kai. Wannan shi ne garba, abincin ɗalibi da lebura a Abijan. Sunan ma namu ne, domin 'yan Nijar ne suka shahara da sana'ar, har mutanen gari suka laƙaba wa abincin sunan masu sayar da shi.

Bi sawun farantin nan ka sha mamaki. Kifin daga tashar jiragen ruwa ta Abijan yake fitowa, ɗaya daga cikin manyan tashoshin kifin tuna a Afirka. Manyan jirage suna kamo shi domin masana'antun kifin gwangwani, wanda ya yi ƙanƙanta ko ya sami rauni kuwa a sayar wa 'yan gari. Aceke daga rogo mata ke yin sa, ruwan da suka matse mai guba ne, kuma sau da yawa tafkin Ébrié yake gangarawa. Man kaskon akan maimaita shi har ya yi baƙi. Ledar da aka ƙunshe abincin kuma a kwata take kwana. Kowa ya ci ribarsa, to amma wa zai biya kuɗin tafkin da ya gurɓace da tekun da ake yashewa?

Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan wani fanni da jami'o'in duniya ke koyarwa a yau: kasuwanci mai ɗorewa da haƙƙin al'umma a kan kamfani, wanda masu Faransanci ke taƙaitawa da RSE. Ɗalibin fannin littafin lissafi uku ake koya masa riƙewa: na riba, na mutane, da na muhalli. Yana koyon auna sharar masana'anta da ruwan da take sha, da duba albashi da lafiyar ma'aikata, da bin diddigin kaya tun daga gona har kanti. Ma'aunin ISO 26000 da aka fitar a 2010 ya kasa aikin gida bakwai, ciki har da haƙƙin ɗan Adam, haƙƙin ma'aikaci, muhalli, gaskiya a ciniki da kare mai saye.

A nan ne mutanenmu kan yi kuskure, su ɗauka zancen kyauta ake yi. Kamfani zai iya haƙa rijiyar burtsatse, ya raba shinkafa da azumi, alhali da dare yana tuttula dagwalo a bayan unguwa. Fannin nan yadda aka samo kuɗin yake tuhuma tun kafin a zo kan yadda aka raba su. Malamanmu sun daɗe suna faɗin haka: sadaka ba ta wanke tauye mudu da algus.

Mutanen Abijan da jikinsu suka koyi darasin. A watan Agustan 2006, jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke dagwalon sinadarai a tashar birnin, bayan an ƙi biyan tsadar tace shi a Amsterdam. Wani ƙaramin kamfanin gida mai suna Tommy ya kwashe shi a tankoki, ya zubar a wurare fiye da goma, har da jujin Akouédo. Hukumomi sun ƙirga mutuwar aƙalla mutum 15, sama da 100,000 kuma suka nemi magani. Gwamnatin Firaminista Charles Konan Banny ta yi murabus, sannan a 2007 Trafigura ya biya Kodebuwa sefa biliyan 100, ba tare da amsa laifi ba. Arahar da aka nema ita ta zama tsada. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Haka zancen koko. Kodebuwa ce kan gaba a duniya wajen noman sa, amma ana ta fama da batun bautar da yara a gonaki tun 2001, lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar Harkin da Engel a kansa. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kokon da aka sare daji domin noma shi. Ke nan ana neman matasan da suka iya bin buhu har gonar da ya fito, kuma aiki ne mai albashi.

Doka kaɗai ba ta isa ba. Tun 2013 gwamnati ta haramta leda, amma je ka kasuwar Adjamé da ruwan watan Yuni ka ga abin da ya toshe magudanai. An hana ba a tanadi madadi mai araha ba, mai rumfa kuwa dole ya ƙunshe wa mai saye abincinsa. Samo wannan madadin aikin masu ilimi ne da suka san kasuwa daga ciki.

Makarantun kuwa ba nisa. Jami'ar Nangui Abrogoua tana nan tsakanin Abobo da Adjamé, da tsangayar kimiyya da kula da muhalli. Ta Félix Houphouët-Boigny a Cocody tana koyar da tattalin arziki da gudanarwa. Ɗan da ya tashi yana wanke faranti a rumfar mahaifinsa ya riga abokan ajinsa sanin inda mai yake tafiya da nawa ake sayen ƙullin leda.

Don haka Alhazan Adjamé da Treichville, a bar yaran nan su kai jami'a, kada a tsayar da su a bakin shago da zarar sun iya ba da canji. Ku kuma ɗalibai, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, ku tuna da kaskon garba da kwatar bayan kasuwa, domin a can al'ummarku ta fi bukatar amsa.